Alkawari Kaya Ne: Baftisma da Saɓanin Ikkilisiyoyi a Ƙasar Mubi

Nassi: Farawa 17:1-14 da Romawa 4:9-12

Gabatarwa

A cikin garin Mubi da ƙauyukan da ke kewaye da shi, da wuya a sami zuriyar Kirista wadda dukan 'ya'yanta suke sujada a ikkilisiya ɗaya. Hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, tana Kwarhi, tafiya kaɗan daga Mubi, saboda haka 'Yan'uwa suna da yawa a wannan yanki. Amma kasuwa da aikin gwamnati da manyan makarantu, irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa, sun kawo 'yan Lutheran daga wajen Numan, da 'yan Katolika, da 'yan Baftis, da 'yan ECWA, da masu bin koyarwar John Calvin daga Takum da Wukari da ƙasar Tibi. Suna ciniki tare, suna zaman makoki tare, 'ya'yansu kuma suna auren juna. Ba a cika jin bambancinsu ba sai an zo kan maganar baftisma.

Yarinyar da aka yi wa baftisma tana jaririya za ta auri saurayi daga ikkilisiyar da ke nutsar da manya, sai a ce mata ba ta da baftisma, ita kuwa ta san ta girma cikin Ubangiji tun tana goye. Kakanni biyu sukan ja daga a kan jika ɗaya, wannan yana cewa a kai shi a yi masa baftisma, wancan yana cewa a miƙa shi kawai a jira ya yi wayo. Mafi zafi duka, uwar da jaririnta ya rasu ba baftisma takan kwana tana tambayar zuciyarta inda ɗanta yake. Waɗannan al'amura suna raba gidaje, don haka ya kamata a zauna a duba tushen saɓanin. Mutane da yawa suna tsammani a kan yawan ruwa ake gardama. Ainihin gardamar a kan alkawarin Allah take: su wane ne 'ya'yan alkawarin, kuma a wane lokaci ake sa musu alamarsa?

Alkawari a Cikin Littafi Mai Tsarki

Mai karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa yana riƙe da kalmar a hannunsa kullum, domin littafin ya kasu kashi biyu, Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari. A wurin Allah alkawari zumunci ne da shi kansa yake ƙullawa, ya ce zai zama Allahn mutane, su kuma su zama jama'arsa, sa'an nan ya ba da alamar da ido zai gani. Ga Nuhu ya ba da bakan gizo. Ga Ibrahim ya ba da kaciya, ya umarta a yi wa kowane ɗa namiji a rana ta takwas. An yi wa Ibrahim kaciya yana da shekara 99, Isma'ilu yana da 13, Ishaku kuwa yana da kwana takwas (Farawa 17:24-25, 21:4). Daga baya annabi Irmiya ya yi shelar wani sabon alkawari wanda za a rubuta a zuciya, inda kowa zai san Ubangiji, babba da yaro (Irmiya 31:31-34), Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa sura 8 kuma ta nuna ya cika cikin Yesu Almasihu. Duk ikkilisiyoyin da aka ambata sun yarda da wannan. Inda hanya ta rabu shi ne, me ya ci gaba daga tsohon zuwa sabon, me kuma ya canja?

Hujjar Masu Yi wa Jarirai Baftisma

Ikkilisiyoyin da ke bin koyarwar Calvin, irin su CRCN da NKST, suna cewa alkawarin alheri ɗaya ne tun daga Ibrahim har zuwa yau, alamarsa ce kawai ta canja daga kaciya zuwa baftisma. Suna nuna Kolosiyawa 2:11-12, inda Bulus ya ambaci kaciya da baftisma a wuri ɗaya, da Ayyukan Manzanni 2:39, inda Bitrus ya faɗa wa taron Fentikos cewa alkawarin ya haɗa da 'ya'yansu, da kuma gidajen da aka yi wa baftisma ɗungum, wato gidan Lidiya da na mai tsaron kurkukun Filibi da na Istifanas. Suna tambaya: idan Allah ya karɓi 'ya'yan masu bi a ƙarƙashin tsohon alkawari, yaya sabon, wanda ya fi shi faɗi, zai bar su a waje? Heinrich Bullinger na Zurik ya rubuta littafi a kan wannan a 1534, Katikizim na Heidelberg na 1563 kuma ya koyar da shi a tambaya ta 74.

Ba dukan masu yi wa jarirai baftisma ne suke tsayawa a kan wannan hujja ba, kuma rashin sanin haka yana ƙara ruɗani. 'Yan Lutheran, waɗanda aikinsu ya fara a Numan da zuwan Dokta Niels Bronnum daga Danmak a 1913, suna ɗora nauyi a kan Maganar Allah da ke tare da ruwan. A wurinsu baftisma aikin Allah ne, kyauta ce da yake bayarwa tun mutum bai iya roƙo ba. Katolika kuma suna koyar da cewa baftisma tana wanke zunubin asali, tana kuma shigar da mutum cikin jikin Almasihu. Abin da ya haɗa su duka shi ne cewa Allah ne yake fara magana.

Hujjar Masu Jiran Tuba da Shaida

'Yan'uwa da Baftis da ECWA suna cewa sabon alkawari sabo ne da gaske. An shiga tsohon ta wurin haihuwa ta jiki, ana shiga sabon ta wurin sabuwar haihuwa. Tun da Irmiya ya ce dukan 'ya'yan sabon alkawari za su san Ubangiji, to, alamarsa ta waɗanda suka san shi ce. Suna nuna cewa a Ayyukan Manzanni tsarin a bayyane yake, a ji bishara, a tuba, a gaskata, sa'an nan a yi baftisma, kuma babu aya ko ɗaya da ta ambaci jariri a cikin ruwa. Game da gidajen nan, sukan amsa cewa an yi wa dukan mutanen gidan mai tsaron kurkuku wa'azi kafin baftismar (Ayyukan Manzanni 16:32). Game da yaran da aka kawo wa Yesu, sukan ce rungumarsu ya yi, ya sa musu albarka (Markus 10:13-16), daga nan ne ma al'adar miƙa jarirai ta samo asali.

A kan wannan fahimta aka kafa Ekklesiyar 'Yan'uwa. A 1708, a ƙauyen Schwarzenau na ƙasar Jamus, mutum takwas, maza biyar da mata uku, suka shiga kogin Eder tare da jagoransu Alexander Mack, bayan sun daɗe suna nazarin gargaɗin Yesu a kan lissafa abin da bin sa zai ci wa mutum (Luka 14:28). Al'adar da suka bari ita ce mai baftisma ya durƙusa cikin ruwa, a nutsar da shi ta gaba sau uku, da sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki, sa'an nan a ɗora masa hannu a yi addu'a. Kafin nan yakan shaida bangaskiyarsa, ya yi watsi da zunubi, ya kuma yi alkawari da Allah cewa zai riƙe aminci har mutuwa. Wannan koyarwa ce H. Stover Kulp da Albert Helser suka kawo Garkida, inda aka yi sujada ta farko a ƙarƙashin itacen tsamiya ranar 17 ga Maris 1923. Ba su yi gaggawa ba, sai a 1927 aka yi wa mutum huɗu na farko baftisma. Tun zamanin mishan kuma, mai neman baftisma yakan fara tsayawa gaban jama'a ya ɗauki alkawari, ya zauna cikin aji ana koya masa, kafin a kai shi ruwa. Ashe kalmar alkawari tana bakin ɓangarorin biyu. Wancan yana nufin alkawarin da Allah ya yi wa mutum, wannan yana nufin amsar da mutum ya ba Allah.

Abin da Tarihi Ya Koyar

Waiwaye adon tafiya. Gardamar nan ta girmi zuwan Turawan mishan da ƙarnuka masu yawa, kuma a nahiyar Afirka aka fara rubuta ta. Wajen shekara ta 200, Tertullian na birnin Kartej, a ƙasar Tunisiya ta yau, ya ba da shawara a jinkirta baftismar yara har su iya sanin Almasihu. Wajen shekara hamsin bayan haka, a wannan birni, Bishop Cyprian da 'yan'uwansa bishop-bishop suka yanke cewa ba sai an jira rana ta takwas ba ma. Daga baya Augustine na Hippo, a Aljeriya ta yau, ya yi jayayya da 'yan Donatus a kan sake yi wa mutane baftisma, yana cewa baftisma ta Almasihu ce, ba ta mai yin ta ba.

A zamanin Gyaran Ikkilisiya al'amarin ya kai ga zub da jini. Ranar 21 ga Janairu 1525, a birnin Zurik na ƙasar Siwizalan, Conrad Grebel ya yi wa George Blaurock baftisma bisa ga shaidar bangaskiyarsa. Aka laƙaba musu suna Anabaftis, wato masu sake baftisma. Huldrych Zwingli, shugaban gyara na birnin, ya ƙalubalance su da hujjar kaciya da alkawari, hukuma kuma ta ɗauki takobi. Ranar 5 ga Janairu 1527 aka nutsar da Felix Manz a kogin Limmat har ya mutu, a 1529 kuma majalisar daula da ta zauna a Speyer ta tabbatar da hukuncin kisa a kan sake baftisma. Kirista ya kashe Kirista da ruwa a kan ma'anar ruwa.

Jikokin waɗannan mutane sun zo sun nemi juna. A 2004 aka kafa allon tunawa da Manz a bakin kogin Limmat. A 2010, a birnin Stuttgart, Tarayyar Lutheran ta Duniya ta roƙi gafarar Mennonite, magadan Anabaftis, a kan tsanantawar da aka yi wa kakanninsu. Wannan tarayya ce ta zaɓi Akbishop Musa Panti Filibus na LCCN ya zama shugabanta a 2017, ya riƙe muƙamin har 2023. A nan gida ma, tun 1955 'Yan'uwa da Lutheran da masu bin Calvin suke zaune cikin tarayya ɗaya, wadda aka kafa da sunan TEKAS, yanzu TEKAN, fastocinsu kuma sun yi karatu a aji ɗaya a Kwalejin Tauhidi ta Bukuru da aka buɗe a 1959. Iyayen da suka kafa wannan tarayya sun san bambancinsu a kan baftisma sarai, duk da haka suka kira juna 'yan'uwa.

Uba da Ɗa a Gida Ɗaya

Akwai abin lura a gidan Ibrahim. Bulus ya nuna a Romawa 4:9-12 cewa Ibrahim ya gaskata tukuna, aka lasafta masa adalci, daga baya ya karɓi kaciya ta zama hatimi. Ishaku kuwa ya karɓi alamar tun bai san hannun damansa da na hagu ba, daga baya ya zama mai bangaskiya. Wannan bai warware gardamar ba, domin tambayar ko baftisma ta gaji kaciya tana nan. Amma yana nuna cewa alkawari yana da gefe biyu waɗanda ba a raba su: Allah ya fara, mutum ya amsa. Duk wanda ya duba ikkilisiyoyin Mubi da idon basira zai ga kowacce tana ƙoƙarin riƙe gefen biyu. Mai yi wa jariri baftisma yana jiran ranar tabbatarwa, lokacin da yaron zai tsaya ya shaida da bakinsa. Mai jiran shaida yana kawo jaririnsa a miƙa shi ga Ubangiji, yana yarda cewa alherin Allah ya riga wayon yaron. Bambancin shi ne inda aka sa ruwan, ko a farkon tafiya ko a wurin amsawa.

Wannan bambanci ba ƙarami ba ne, kuma ba daidai ba ne a share shi don neman zaman lafiya na baka. 'Yan'uwa suna da dalili mai ƙarfi na tsayawa a kan abin da suka karɓa, gama misalan da Sabon Alkawari ya bayyana filla-filla na masu tuba ne, kuma hoton binnewa da tashi tare da Almasihu na Romawa 6:3-4 ya fi fitowa a cikin nutsarwa. Sai dai kowane ɓangare yana da ramin da ke gabansa. Mai baftismar jarirai yana iya dogara ga ruwan da aka zuba masa, ya tsufa bai taɓa tuba ba, alhali Bulus ya ce kaciya ta gaske ta zuciya ce (Romawa 2:28-29). Mai baftismar manya yana iya mai da ita abin fahariya, ko kuwa al'ada ta tsara, yaro ya shiga aji don abokansa sun shiga, ko don katin baftisma da za a nema ranar aure. Siman mai sihiri babba ne lokacin da aka yi masa baftisma a Samariya, amma Bitrus ya gaya masa zuciyarsa ba daidai take a gaban Allah ba (Ayyukan Manzanni 8:13-23). Yawan ruwa bai cece shi ba.

Darasin 2014

Mutanen Mubi ba sa bukatar a je da su Zurik kafin su gane wannan. Ranar 29 ga Oktoba 2014 mayaƙan Boko Haram suka shiga Mubi da Kwarhi, jama'a suka watse zuwa duwatsu da Kamaru da Yola, shugabannin EYN kuma suka koma Jos na ɗan lokaci. Waɗanda suka ƙone majami'u ba su tambayi kowa ko nutsar da shi aka yi ko yayyafa masa aka yi ba. A Yola, Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe harabar babbar majami'ar Katolika ta St. Theresa ga dubban 'yan gudun hijira ba tare da duba ɗarika ko addini ba. A kwanakin nan an ga waɗanda aka yi wa baftisma suna jarirai da waɗanda aka nutsar suna manya sun riƙe sunan Yesu a bakin ransu. Wanda ya sha wahala tare da ɗan'uwansa saboda suna ɗaya, ba shi da bakin da zai kira shi arne a lokacin salama.

Abin da Ya Kamata a Yi

Na farko, kowace ikkilisiya ta koyar da abin da ta gaskata sosai, ta kuma faɗi ra'ayin maƙwabciyarta da gaskiya. Malamin ajin baftisma da ke ce wa ɗalibai waɗancan ba sa karanta Littafi Mai Tsarki yana shaidar zur.

Na biyu, a daina ba'a. Kiran baftismar wani wankan jego ko wankan rafi zunubi ne na harshe, ko daga wane gefe ya fito.

Na uku, idan aure ya haɗa ikkilisiyoyi biyu, fastoci da iyaye su zauna da masu auren tun kafin a sa rana, a daidaita inda za su yi sujada da yadda za a yi da 'ya'ya. Barin maganar har ranar suna shi ke kawo rikici.

Na huɗu, kada a mai da baftisma sharaɗin ɗaurin aure da ake cikawa da gaggawa. Dokar karɓar memba tana hannun Majalisar kowace ikkilisiya, kuma wajibi ne a girmama ta. Ikkilisiyar 'Yan'uwa ta Amurka ta yi nata nazarin, a 1958 ta yarda a karɓi masu bi daga waɗansu ikkilisiyoyi ba tare da sake baftisma ba. Takardar Lima ta 1982 ta Majalisar Ikkilisiyoyi ta Duniya ma ta roƙi masu baftismar manya su guji abin da zai zama kamar sakewa, ta kuma roƙi masu baftismar jarirai su daina yin ta barkatai ba tare da renon bangaskiya ba. Ko wace doka aka bi, wanda ya shiga ruwa don a ba shi mata ko miji kawai, ba da lamiri mai tsabta ya shiga ba (1 Bitrus 3:21). Gadon 'Yan'uwa shi ne bangaskiya ba a tilasta ta.

Na biyar, a tsawata wa masu yawon baftisma, waɗanda duk sabon taron farkawa da ya zo gari sai sun sake shiga ruwa. Almajiran Afisa da Bulus ya sake yi wa baftisma, ta Yohanna kaɗai suka sani (Ayyukan Manzanni 19:1-7). Maganin Kirista da ya faɗi shi ne tuba da komowa ga alkawarinsa na farko.

Na shida, a ta'azantar da iyayen da suka rasa jarirai. Ɗan fashin da ya tuba a kan gicciye bai taɓa ruwa ba, amma Yesu ya ba shi tabbacin Firdausi (Luka 23:39-43). Wanda ya rungumi yara ya ce mulkin Allah na irinsu ne, ba zai yar da jariri don ruwa bai kai gare shi ba. Ceto yana cikin jinin Almasihu.

Kammalawa

Hausawa suna cewa alkawari kaya ne. Allah ya ɗauki nasa kayan har zuwa gicciye, bai sauke ba. Abin da ya rage shi ne na mutum. Wanda aka yi wa baftisma yana jariri ya tambayi kansa ko ya taɓa amsa kiran da aka yi masa. Wanda aka nutsar a kogin Yedzaram ko a kwarmin majami'a ya tambayi kansa ko yana riƙe da amincin da ya yi alkawarinsa a gaban shaidu, a kasuwa da ofis da cikin gidansa. Lokacin da Korintiyawa suka rarrabu a kan wanda ya yi musu baftisma, Bulus ya mai da hankalinsu ga wanda aka gicciye dominsu (1 Korintiyawa 1:10-17). Wannan kira yana kan ikkilisiyoyin Mubi har yau, su riƙe gaskiyar da suka fahimta ba tare da kunya ba, su kuma riƙe juna cikin ƙauna. Ubangiji ya ba ikkilisiyarsa hikima da tawali'u, ya kiyaye 'ya'yan alkawarinsa har ranar bayyanuwar Yesu Almasihu. Amin.